Yaushe Ya Kamata A Buɗe Inji? Lissafin Tazarar Gyara A Ƙasar Bakolori

 Shirin yau ya shafi wata tambaya da kowane mai inji yake amsawa da aikinsa ko da bai taɓa furta ta da baki ba, wato tsawon lokacin da ya kamata a bari tsakanin gyara da gyara. Wannan tsawon lokaci shi ne za a riƙa kira tazarar gyara. Gyara kuwa iri biyu ne: akwai wanda ake yi bayan inji ya tsaya, akwai kuma gyaran rigakafi, wanda ake yi inji yana da ransa, a ranar da mai shi ya zaɓa da kansa. Kowa ya san cewa rigakafi ya fi magani, sai dai karin maganar ba ta faɗi sau nawa za a yi rigakafin ba, ba ta kuma faɗi wane ƙarfe ne yake amfana da shi ba, alhali a wannan gurbi ne kuɗin manomi yake zurarewa.

Kashi na farko zai tsaya a kan Bakolori kanta.

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, kuma tafkinta yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tsara aikin don ya shayar da hekta 23,000, inda hekta 15,000 za su sha ta hanyar yayyafi, wato famfuna su turo ruwa cikin bututu ya fito yana fesawa kamar ruwan sama, sauran hekta 8,000 kuma su sha ta magudanai, inda ruwa yake gangarowa da nauyin kansa ba tare da an tura shi ba. Mutanen wannan yanki sun biya aikin da tsada, domin gonaki da gidaje sun nutse, kuma a watan Afrilu na 1980 an rasa rayukan manoma da suka fito neman diyyarsu. Duk da haka, zuwa shekarar 2003 tsarin yayyafin ya daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce kimanin hekta 7,500 ba, akasari shinkafa, kuma duk ta hanyar magudanai.

Mai sauraro ya lura da wanda ya mutu da wanda ya rayu. Sashen da ya dogara da famfo da wuta da kayan gyaran da ake kawowa daga waje shi ne ya fara tafiya, domin irin wannan kaya tazarar gyaransa gajera ce, kuma idan aka tsallake zagaye biyu ko uku ba ya yafewa. Sashen siminti da ƙasa ya jure, domin tsufansa a hankali yake zuwa, ko da yake shi ma laka da ciyawa da tsagewa sun ci shi. Sai da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a shekarar 2014, da bashin kusan dala miliyan 500 domin Bakolori da Goronyo da Kadawa da kwarin Haɗeja da Dadin Kowa, sannan aka shiga farfaɗo da magudanan, aka kuma mayar da wani sashe na filin yayyafi ya koma shan ruwa ta gangara. Masana harkar ban ruwa suna da suna ga wannan hali, wanda ma'anarsa ita ce a gina, a yi sakaci, a sake ginawa. Kuɗin da ba a kashe ba a kan giris da yashe magudana bai ɓace ba, ajiye shi aka yi a matsayin bashi, kuma ya dawo da 'ya'yansa.

Kashi na biyu shi ne lissafin kansa, kuma a nan shirin zai ɗan jima, domin shi ne gundarin zancen.

Mai injin ban ruwa yana tsakanin hasara biyu. Idan ya matsa gyara kusa da kusa, yana zubar da kayan da sauran amfaninsu, yana kuma biyan bakanike ladan aikin da bai zama dole ba. Idan ya nesanta gyara, inji yana tsayawa a ranar da ba shi ya zaɓa ba, kuma a wannan rana kuɗin da zai fita ya haɗa da na ƙarfen da ya lalace, da na ƙarfen da ya lalata maƙwabcinsa, da na dako zuwa gari, da na hayar wani injin, da na amfanin gonar da ya sha ƙishi. Hasara ta farko tana raguwa idan tazara ta yi tsawo, ta biyu kuma tana ƙaruwa. Tazarar da ake nema ita ce wadda idan aka haɗa hasarorin biyu aka raba su da sa'o'in da inji ya yi aiki, amsar za ta fi kowace ƙanƙanta. A sake maimaita wannan: abin da ake aunawa shi ne kuɗin kowace sa'a ta aiki. Wasu masana lissafi biyu na Amurka, Richard Barlow da Larry Hunter, su ne suka tsara wannan ƙa'ida a rubuce a shekarar 1960, amma wanda ya iya lissafin buhu da mudu zai iya bin ta.

Ga misali. Alƙaluman da za a ji yanzu na koyarwa ne, an zaɓe su don sauƙin rabawa, ba farashin kasuwa ba ne. A ɗauka ƙungiyar manoma tana da injuna 10, kowane da sil ɗinsa, wato zoben da ke toshe wurin da sandar inji ta shiga cikin famfo don kada ruwa ya tsiyaye, kada kuma iska ta shiga. A ɗauka canza sil a ranar da aka shirya yana cin naira 5,000, amma idan ya fashe ana tsakiyar ban ruwa, duk abin da zai biyo baya ya kai naira 40,000.

Idan ƙungiyar ta ce duk bayan sa'a 200 za a canza, babu sil ɗin da zai kai ga fashewa, sai dai naira 5,000 a raba da sa'a 200 ya ba da naira 25 a kowace sa'a. Idan ta ja tazarar zuwa sa'a 400, a ɗauka ɗaya daga cikin goman zai fashe a wajen sa'a 350, tara kuma su kai ranar canji lafiya; kuɗin da ya fita duka naira 85,000 ne, sa'o'in aiki 3,950, abin da ya kama kusan naira 22 a sa'a. Idan ta ƙara ja zuwa sa'a 600, a ɗauka huɗu za su fashe kafin lokacin, a matsakaicin sa'a 500; kuɗi ya tashi naira 190,000, sa'o'i 5,600, wato kusan naira 34 a sa'a. Idan kuwa ta ce ba za a taɓa kome ba sai ya fashe, kuma kowane sil ya yi sa'a 650 a matsakaici, an kashe naira 400,000 a kan sa'a 6,500, wato sama da naira 61 a sa'a. A sake jin jerin: 25, 22, 34, 61. Lissafin ya sauka, ya taɓa ƙasa, sannan ya haura, kamar kwarin fadama tsakanin tudu biyu, kuma gindin kwarin yana wajen sa'a 400.

Abu biyu ne suke ɓoye a cikin wannan jeri. Na farko, tazarar da ta fi araha ba ita ce wadda ta hana fashewa ɗungurum ba, domin a sa'a 400 an yarda inji ɗaya cikin goma ya tsaya, kuma duk da haka an fi wanda ya hana tsayawa gaba ɗaya samun sauƙi. Na biyu, gangaren da ke gefen gaggawa mai laushi ne, daga 22 zuwa 25 kawai, amma gangaren da ke gefen jinkiri tsaye yake. Saboda haka wanda ba shi da tabbacin alƙalumansa, kuma akasarin masu inji haka suke, gara ya kuskure ta gefen wuri da ya kuskure ta gefen latti. Faɗin gindin kwarin kuma yana ba da dama a matsar da ranar gyara gaba kaɗan ko baya kaɗan don ta dace da lokacin da gona ba ta bukatar ruwa, ko ranar da za a shiga kasuwar Talata a Mafara, ba tare da an yi wata hasarar kirki ba.

Yanzu a canza lamba guda kawai. A ɗauka ƙarfen da ake magana a kansa idan ya lalace ba ya jan kome, ana cire shi a sa wani nan take a bakin rijiya, kamar igiyar tayar da inji, kuma canjinsa bayan ya lalace naira 6,000 ne maimakon 5,000. Da wannan lamba, canji a sa'a 400 yana cin kusan naira 13 a sa'a, barinsa har ya tsinke kuma naira 9 da 'yan kai. A nan barin abu ya mutu da kansa shi ne hikima, matuƙar akwai wani a ajiye cikin buhun kayan aiki. Ƙarfe ɗaya, tsufa ɗaya, amma hukunci ya juye, domin abin da ke yanke tazara shi ne girman bambancin da ke tsakanin kuɗin gyaran shiri da kuɗin gyaran dole.

Wannan bambanci kuwa yana tafiya da kalandar gona. Injin da ya tsaya kwana uku lokacin da ake gyaran fili bai ci wa mai shi kome ba sai haƙuri. Injin da ya tsaya kwana uku a watan Maris ko Afrilu, rana tana dukan ƙasa, shinkafar rani ta yi ciki tana fidda kai, ya taɓa hatsin kansa, domin wannan shi ne matakin da shinkafa ta fi kasa jure ƙishi, kuma zangarniyar da ta fito fanko ba ta cika daga baya ko an malale ta da ruwa. Haka alkama take a lokacin fidda kai da zuba ido. Ma'anar wannan ita ce sil ɗin da ya yi sa'a 300 ana iya barinsa idan gaba girbi ne, amma a cire shi idan gaba shigar ciki ce.

Kashi na uku tambaya ce da ya kamata ta riga lissafin: shin wannan ƙarfe tsufa yake yi?

Tambayar tana kama da wasa, amma amsarta ta sauya yadda duniya take gyaran injuna. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, ya wallafa a shekarar 1951 wata hanyar lissafi da ke bambance hali uku na lalacewa. Akwai kayan da haɗarinsu ya fi yawa suna sababbi, saboda kuskuren ƙira ko na ɗauri, idan suka tsallake kwanakin farko sai su zauna lafiya. Akwai waɗanda lalacewarsu ba ta da alaƙa da shekaru, tana faɗowa ne kamar tsawa, sabo da tsoho duk ɗaya. Akwai kuma waɗanda haɗarinsu yake hauhawa da yawan aiki, su ne masu tsufa na gaskiya, irin su baƙin mai da bel da boris da sil da zoben fistin da farfelar famfo da yashi yake goga. Lissafin da aka ji ɗazu na rukuni na uku ne kaɗai. Canza abin da ba ya tsufa bisa kalanda zubar da kuɗi ne, canza abin da ya fi haɗari yana sabo kuma sayen matsala ne da kuɗin aljihu.

Kamfanonin jiragen sama ne suka gano haka da tsada. A shekarar 1978 Stanley Nowlan da Howard Heap na kamfanin United Airlines suka rubuta wa Ma'aikatar Tsaron Amurka rahoto, inda suka nuna cewa kashi 11 cikin 100 kacal na kayan jirgin da suka bincika ne suke da tsufan da ƙayyade musu wa'adi zai yi amfani, sauran kashi 89 kuwa wa'adi ba ya rage lalacewarsu, kuma mafi yawansu sun fi haɗari ne jim kaɗan bayan an ɗaura su ko an taɓa su. A jirgin DC-8 kaya 339 ne ake kwancewa bisa wa'adi, a jirgin DC-10 da ya biyo baya aka mayar da su 7. Injin ban ruwa ba jirgin sama ba ne, ƙarafansa masu goga juna sun fi yawa, don haka kason masu tsufa a cikinsa ya fi na jirgi. Amma darasin ya shafi duk wanda yake kai lafiyayyen inji a farke shi don kawai shekara ta zagayo: kowace buɗewa dama ce ga ƙura ta shiga, ga gasket ya zauna a karkace, ga noti ya sha ɗauri fiye da kima, ga kuma ainihin ƙarfen kamfani ya fita jabu ya maye gurbinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga kayan da ke ba da sanarwa kafin su mutu akwai hanya ta uku, wato dubawa maimakon canzawa. Boris yana fara kuka da zafi, sil yana fara ɗiga, bel yana fara tsagewa a gefe, inji mai cin zobe yana fara hayaƙi mai shuɗi yana shan baƙin mai. Tsakanin ranar da alama ta fara bayyana da ranar da abin zai tsaya akwai wani lokaci, kuma ƙa'idar da masu wannan fanni suke bi ita ce tazarar dubawa kada ta wuce rabin wannan lokaci. Idan boris yakan yi kukan mako biyu kafin ya kama, a saurare shi duk mako, domin wanda yake dubawa sau ɗaya a wata zai iya zuwa ya tarar an riga an yi jana'iza. A kan wannan lokaci kuma sai a ɗora kwanakin neman kayan gyara, musamman idan sai an aika Gusau ko Sakkwato.

Kashi na huɗu ya shafi abin da za a ƙirga.

Inji da sa'a yake tsufa, kuma littafin kamfani da sa'a yake magana. Ga ƙananan injunan fetur na Honda samfurin GX, waɗanda famfunan inci biyu da inci uku da yawa suke ɗauke da su ko da kwaikwayonsu, littafin ya ce a yi juyen baƙin mai na farko bayan sa'a 20, daga nan duk bayan sa'a 100 ko wata 6, a wanke matatar iska duk sa'a 50, a duba fulogi duk sa'a 100, kuma a bi wanda ya riga zuwa tsakanin sa'a da wata. Mai sauraro ya riƙe wannan: wanda ya riga zuwa. Injin da yake aikin sa'a 8 a kullum yana cika sa'a 100 cikin kwana 13, saboda haka manomin da ya riƙe wata 6 ya manta da sa'a 100 zai yi rani guda da man da ya kamata a juye sau da yawa. Juyen farko na sa'a 20 kuwa dalilinsa shi ne sabon inji yana zubar da garin ƙarfe yayin da sassansa suke zama da juna, kuma shi ne juyen da aka fi tsallakewa saboda mai inji yana ganin abu sabo ne.

Littafin ya kuma ce a gajarta tazarar matatar iska a wuri mai ƙura. Wani sashe na noman rani a wannan yanki yana faɗawa ne cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura take shiga ko'ina, kuma ƙurar da ta tsallake matata tana gauraya da mai ta zama kamar dutsen wasa tsakanin fistin da silinda. Yashin da tiyo yake tsotsowa daga gindin rijiya ko bakin gulbi haka yake yi wa farfela da sil, tayar da famfo ba tare da an cika shi da ruwa ba kuma yana ƙona sil cikin ɗan lokaci kaɗan. Lambar kamfani wurin farawa ce, ƙurar wuri da ruwan wuri su ne suke gyara ta.

Yawancin waɗannan injuna ba su da agogon ƙirga sa'a, amma suna da tanki. Idan aka auna sau ɗaya sa'o'in da cikakken tanki yake ɗauka, daga nan ƙirga tankuna ya zama ƙirga sa'o'i, kuma zane ɗaya a littafin makaranta ko a jikin bango ga kowane tanki ya wadatar. A gefen zanen a rubuta ranar da aka canza kowane ƙarfe, da ko canjin na shiri ne ko na dole, da abin da ya ci. Manomi guda ba zai tara labarin da ya isa lissafi da wuri ba, amma ƙungiyar masu amfani da ruwa mai injuna 20 ko 30 za ta iya sanin tsawon ran sil da boris a ruwanta cikin rani biyu, ta kuma gane wane shago ne kayansa suke kai wa'adi. Lissafin kuma ba a yinsa sau ɗaya a rufe, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin mai da na dako da na kayan gyara duk sun motsa, kuma injin da ya saki jiki yana shan mai fiye da kima ya zama hasarar da take fita kowace sa'a ko bai taɓa tsayawa ba.

Kashi na ƙarshe gajere ne, ya koma kan kayan jama'a. Akwai kayan da lalacewarsu ɓoyayya ce, domin ba a amfani da su sai ranar bukata, kamar injin ajiya na ƙungiya, da ƙofofin ruwa da ba a cika murɗawa ba. Irin waɗannan gwaji suke bukata bisa tazara, a tayar da injin, a buɗe ƙofar a rufe, a shafa giris, tun kafin ruwan Agusta ya sauko, domin ƙofar da ta yi tsatsa ba ta sanar da kowa sai ranar da aka kama ta ta ƙi juyawa. Magudanai kuma suna da nasu lissafin: laka tana rage ruwan da ke wucewa kaɗan kaɗan, kuma wanda yake fara biyan kuɗin jinkiri shi ne mai gonar da ke wutsiyar magudana, alhali mai gonar da ke bakin ƙofa bai ga wata matsala ba. Saboda haka idan ƙungiya ta zauna tsayar da ranar yashe magudana da yawan kuɗin ruwan da za a ware wa gyara, ma'aunin da ya dace a ɗauka shi ne sa'o'in da ruwa yake yi kafin ya isa gona ta ƙarshe, a auna shi a farkon rani, a sake aunawa a tsakiyarsa, a rubuta duka biyun a littafin ƙungiya.